Jirgin Nomau da Lauyan da Nike Nema

Zuwa ga ɗana Bashiru, a Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na masauki, da sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Innarka na gaishe ka. Ba labarin gida ya sa na ɗauki biro ba, don haka kada ka neme shi a nan. Waya kuma na ƙi ta da gangan, don na san ka: ina magana kana cewa "to Baba, to Baba," hankalinka na wani wuri.

Na ji ka rantse cewa albashinka na farko a shagon da ka kama aiki, lauya za ka ɗauko da shi, ya zo ya koya wa Kulu ɗiyar Nomau hankali, tunda ta kai ubanka ƙara a kan jirgi. Madalla da ɗa! Kuma ka zaɓi mutanen kirki. Ni na tsufa ina dillancin albasa a kasuwar Goronyo, ban taɓa ganin sana'a mai tsabta irin ta lauya ba. Ni sai na sha rana, na ɗaga buhu, na koma gida ina wari, kafin in sayar da kayan wani in ci la'ada. Shi kuwa maganarka zai karɓa daga bakinka, ya wanke ta, ya shafa mata Turanci, ya sayar maka da abinka, ka kuma durƙusa ka yi godiya. Shina sa baƙar riga da hular gashi cikin zafin Sakkwato ko gumi ba ya yi, don kai ke yi mishi gumin a kan benci. Wa zai ƙi irin wagga albarka?

To amma kafin ka sayi lauya, bari in gaya maka yadda na sayi nawa. Abin da ka sani kawai shi ne ubanka ya taɓa cin shari'a, da jirgin nan da ka tashi kana gani kife ƙarƙashin tsamiya a gonarmu. Kana goye a bayan innarka sa'ad da abin ya faru.

Nomau mai fito ne a mashigin garinmu. Mutum ne siriri, marar magana, mai tsayawa a bayan jirgi da ƙafa ɗaya gaba kamar zalɓe. Ni na sayi katako, maɗaci mai kyau, shi ya kawo masassaƙi ya kuma riƙa tuƙi. Shi ke fito da albasata daga tsallake, abin da ya samu na fiton mutane mu raba. Ba mu taɓa rubuta komi ba, ba mu taɓa faɗa ba.

Ƙarshen wata damina albasar ajiya ta yi tsada, ruwan Rima kuma ya cika ya batse. Ranar kasuwa Nomau ya ɗauko buhunana daga tsallake shi kaɗai. Muna tsaye a mashigi da hantsi, ni da mutane masu jiran fito, sai ga jirgi ya taho. Tafiyarsa daidai, hancinsa ya nufo mu, bai karkace ba duk da ƙarfin ruwan. Ya zo ya dafa gaɓa a hankali, daidai wurin da Nomau ke tsayar da shi kullum. Buhuna na nan a jere, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Gorar tuƙi na kwance a gefen hagu, inda yakan aje ta. Nomau ne babu. Masunta sunka yi ta nema har sunka gaji, ba a ga ko hularsa ba.

Ka san al'adar mutanen ruwa na wurinmu, ko da yake ku yaran yanzu kun ɗauke ta tatsuniya. Jirgin da ya dawo ba mai tuƙinsa, ruwa ya karɓe shi. Ana jawo shi a kife a mashigi, a bar shi rana da ruwan sama su cinye shi. Ba a sayar da shi, ba a rabon gadonsa, kuma ba mai buɗe baki ya ce "nawa ne." Haka Sarkin Ruwa ya sa anka yi.

Ni kuwa kullum na bi ta mashigi sai in ga maɗacina kwance gara na leƙensa. Zuciyar ɗan kasuwa ba ta iya kallon kaya suna lalacewa. Na je wurin Sarkin Ruwa na ce, "Ranka shi daɗe, rabin jirgin nan fa guminna ne."

Ya ce, "Dillali, wane rabi? Na gaba ko na baya?"

Na ce ba wasa ya kawo ni ba.

Ya ce, "Ni ma ba wasa nike ba. In na baya ne, akwai mai shi."

Na fito ina cewa tsofaffi da camfi sai Allah. Wanga shi ne kuskurena na farko. Shekara da shekaru ina gaya wa masu saye cewa buhun da kowa ya wuce a kasuwa ya bari, a juye shi a duba gindinsa. Ga jirgi lafiyayye a gari mai cike da matalauta, ko ƙusa ɗaya ba a zare ba, ni ban tambayi kaina dalili ba. Bashiru, kafin ka tambayi lauya yadda za ka sami abu, tambayi kanka mi ya sa ba wanda ke rige-rige da kai a kansa.

Na hau mota na zo Sakkwato. Wani mai sayen albasa ya kwatanta mani ofishin wata lauya, 'yar Wurno, a saman wani shagon magani. Ofishin ƙarami, fanka na kuka kamar tsohuwar akuya. Ta bar ni na gama surutuna tas, tana kallona ta saman tabarau. Sannan ta ce, "Alhaji, 'yan'uwan mamacin sun hana ka ɗaukar jirgin?"

Na ce a'a.

"Sun ce nasu ne?"

Na ce ba su ce ba.

"To wa kake ƙara?"

Ta ce, "Ni a bakin Rima anka haife ni. Na san abin da ake yi da jirgin da ya dawo shi kaɗai. Doka za ta iya ba ka shi, wanga ba wuya. Amma ka koma gida ku zauna da mutanenka. Matarsa na da ƙaramar ɗiya, ko? In kana jin asarar katako, ka ɗauka sadaka ka yi."

Na tashi a fusace. Na biya kuɗin mota tun daga Goronyo don a ce mani in yi sadaka? Wa'azi ai akwai shi kyauta a masallacinmu. Kuskure na biyu ke nan. Albasa a wuya ake latsa ta, in ta nutsa ruɓaɓɓiya ce komin jan bayanta. Matar nan ta latsa ni a wuya, na ji zafi, na gudu. Lauyan da ya yi maka tambayar da ta sa ka gyara zama, kada ka bar ofishinsa. Shi ke aikin da ka zo saye.

A bakin kotu wani ɗan kamasho ya tare ni, irin masu shaƙo warin ɗan ƙauye daga nesa. Ni da ke cin abinci da kamasho, na san idon, na san murmushin, amma na bi shi kamar raƙumi da akala. Ya kai ni wurin wanda suke kira Barista Gagarau. Ofis mai sanyi har haƙora na kaɗawa, kujera mai juyawa, littattafai jere waɗanda ban ga alamar an taɓa buɗe su ba. Ban kai rabin magana ba ya buga tebur.

"Alhaji, an gama! Ka ci! Waɗanga mutane zalunci sunka yi maka. Ka sayi katako da kuɗinka, wani tsoho ya ce na aljanu ne? A wace doka?"

Wallahi daɗi ya kama ni har kunne. Ban gaya mishi yadda jirgin ya dawo ba, ban gaya mishi buhunan busassu ba, shi ma bai tambaya ba. Na ce dai abokin cinikina ya rasu, danginsa sun riƙe kaya. Kai ka ga na yi mishi irin cinikin da nike wa baƙi, manyan albasa a bakin buhu. Amma baƙo in ya saya tafiya yake da buhun. Lauya kuwa kai yake maido wa buhun, ka ɗauka a kanka. Don haka ka zazzage mishi buhun gaba ɗaya, har ruɓaɓɓun. Kuma duk wanda ya ce ka ci tun bai ji ƙarshen zance ba, kai ne abincin.

Anka aika wa ƙannen Nomau biyu sammaci. Ranar shari'a sunka zo da rigunan Juma'arsu, ba lauya, ba shaida, sunka zauna hannu bisa gwiwa. Gagarau ya yi ta zuba Turanci shina nuna su da yatsa, tafinta na fassarawa. Alƙali ya tambayi babban, Isa, ko yana da ja.

Isa ya ce, "Ranka shi daɗe, mu ba mu ce namu ne ba. Ba mu kuma ce nashi ne ba. In shina so, shi faɗa da bakinai."

Gagarau ya juyo ya ƙyafta mani ido. Anka ce in tashi in faɗa wa kotu jirgin na wane ne. Na tashi, na gyara babbar riga, na ce da ƙarfi, "Nawa ne."

Ban manta ba. Rana tsaka ce, tagogi a buɗe, ba ko iska. Amma na ji sanyi ya taso mani daga tafin ƙafa kamar na taka laka. Na dubi ƙannen Nomau ina jiran in ga baƙin ciki. Sai na ga ƙaramin ya sauke ajiyar zuciya, irin ta mutumin da anka sauke wa kaya daga ka. A waje Isa ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah shi ba ka ikon riƙo, Dillali." Ba gatse a muryarsa. Tausayi ne.

Ɗana, a kasuwa in ka taya kaya mai shi ya ce "sallama" tun ba ka rufe baki ba, ka san ka sayi wahala. Kotu ma kasuwa ce. In abokin shari'arka ya ƙi ja, ka ce wa lauyanka ya dakata, ku fita ku sha ruwa ku yi tunani.

Na birkice jirgi, na sa anka toshe shi, na ɗauki mai tuƙi daga Rabah wanda bai san labari ba. Bai daɗe ba ya kawo mani gora ya aje a ƙofar gida.

Na ce, "Lafiya? Kuɗin ne bai yi ba?"

Ya ce, "Kuɗi sun yi, Alhaji. Wuri ne bai ishe mu ba."

"Ku wa?"

"In na kafa gora dama, sai in ji an kafa hagu. Kuma bayan jirgin nan nutsewa yake kamar mutum biyu ke tsaye. Ni ban saba tuƙin haɗin gwiwa ba."

Na sake wani, na sake wani. Ba wanda jirgin ya taɓa kifewa da shi, kada in yi mishi ƙarya. Hasali ma ya fi kowane jirgi a mashigin sanin hanya. Amma mutanen gari sunka daina shigarsa, gara su jira wani har la'asar. Albasata kuwa, wadda ta iso a bushe ranar da ruwa ya ci mutum, yanzu duk buhun da ya hau jirgin sai ya sauka gindinsa sharkaf, alhali cikin jirgin ƙura ce. Ka san albasa da ruwa. Na yi asara har na fara jin kunyar shiga kasuwa.

Na sayar da shi ga wani masunci can ƙasa da Wurno, da araha. Ana gama damina sai ga shi a mashiginmu da safe, ya dafa gaɓa a wurinsa. Masu hankali sunka ce igiya ta tsinke. Na ce to, amma tun yaushe jirgi ke tsinke igiya ya hau sama, ruwa na gangarawa ƙasa? Masuncin ya zo, ya dube shi daga nesa, ya ce in riƙe jirgin, in riƙe kuɗin, shi ya yafe.

Na koma wurin Gagarau. Ya saurare ni yana juya kujera, ya yi dariya har da hawaye. Sannan ya jawo takardar hukunci ya nuna mani wani layi da alfahari.

"Dubi nan, Alhaji. Ni na sa anka ƙara wanga, don kada su ɓoye maka gora ko igiya. Kotu ta mallaka maka jirgin da duk abin da ke cikinsa. Duk abin da ke cikinsa! To mi kake so kuma?"

Ka ga aikin gwani. Ya ba ni fiye da abin da na roƙa.

Shi ya sa na sa shanu sunka jawo shi gona, nesa da ruwa, na kife shi ƙarƙashin tsamiya. Kai ka yi wasa a kansa kana yaro, innarka na kora ka ba ta faɗa maka dalili. Ka taɓa lura ciyawar da ke kewaye da shi ba ta bushewa ko cikin bazara? Ni nakan je da azahar in sa hannu ƙarƙashinsa. Gaba a bushe. Baya, wurin tsayuwar mai tuƙi, kullum a jiƙe, kuma warin kogi yake. Ni ba mai camfi ba ne, na yi firamare har na leƙa sakandare, ina salla biyar. Na tambayi liman, ya ce shi bai san aljanin jirgi ba, amma ya san haƙƙi ba ya bushewa. Ka zaɓi bayanin da ya yi maka.

Bara na koma wurin Sarkin Ruwa, ya tsufa har ba ya gani sosai. Na ce zan maido jirgi mashigi in kife, a wuce wurin.

Ya ce, "Ka maido shi sau goma, naka ne. Bakin da yac ce nawa ne gaban alƙali, shi za ya koma gaban alƙali shi ce ba nawa ba ne. Kuma ka yi sauri, Dillali. Abin da mutum ya mallaka, in ya mutu gado ne."

Ka ji inda maganar ta iso gare ka. Ni ƙafafuna sun fara kumbura, likita na ta juya magana. Kai kaɗai ne namiji. Ba ni son ranar rabo a ce gona taka, gida naka, jirgi naka da duk abin da ke cikinsa.

Na je kotun garinmu, anka ce takardar da ta fito daga Sakkwato ba a warware ta da baki, sai an sami mai ƙara, an rubuta sulhu, an shigar yadda ya kamata. Mai ƙara kuwa ba ni da shi, don ƙannen Nomau ko sunan jirgin ba su son ji. Sai na tafi Giyawa da kaina, inda Kulu ke aure, na yi sallama. Ta fito da goyo, ta durƙusa ta gaishe ni. Tsayuwarta irin ta ubanta.

Na ce, "Ɗiyata, alfarma na zo nema. Ki kai ni ƙara."

Ta ce, "Baba, inna har ta rasu tana cewa kowa na da kabari ban da babanmu. Jirgin nan da anka kife a mashigi shi ne kawai wurin da take zuwa ta yi mishi addu'a. Sai kunka ɗauke."

Na sake roƙonta. Ta yarda. Ba ta son katako, ba ta son kuɗi. So take a maida shi inda yake a kife, a bar shi ya ruɓe.

To ka ji ƙarar da ka rantse za ka murƙushe. Ni na roƙe ta.

Yanzu ga aikinka. Ina son lauya, amma wanda zai yarda a kayar da mu, ya kuma iya faɗuwar da kyau yadda ba za ta tashi ba. Irin wanga ya fi mai cin shari'a wuyar samu, don ba a yin suna da shi. Ka fara da neman matar nan 'yar Wurno. Shagon maganin na kusa da tsohuwar kasuwa, in ba a rushe shi ba. In ka same ta, ka ce dillalin albasa da ta ce ya yi sadaka ya ji, sai dai ya makara a hanya. In ba ta nan, ka tambayi mutanen da sunka taɓa yin shari'a sunka gama, ba masu tsayuwa a bakin kotu ba. Ka yi maganar ladansa tun farko, a fili, har da kuɗin motarsa zuwa Goronyo, don lauya kamar tela ne, in ba ku yanke ba tun ana awo, ranar karɓa za ku ɓata. Ka gaya mishi labarin duka. In ya yi dariya, ka gode mishi ka fito. In ya ce zai iya ci mana, ka fito da gudu. In kuwa ya ce yana son ya zo ya ga jirgin da idonsa, to shi ne. Kuma ka ce a rubuta cikin sulhun, baƙi da fari, cewa mun saki jirgin da duk abin da ke cikinsa.

Saura abu guda, shi ya hana ni jira har ka zo hutu. Ranar da sammacin Kulu ya iso, kana mashigi cikin abokanka. An gaya mani abin da ka ce, mutane da yawa sun ji. Ka ce, "Jirgin ubana ne, gobe kuma nawa ne, in ga mai taɓa shi." A bakin ruwa ka faɗe shi, Bashiru. Don haka ranar shari'a ba ni kaɗai zan tashi gaban alƙali ba. Za ka nemi izini wurin maigidanka ka zo, ka tsaya kusa da ni, ka janye taka maganar da bakinka.

Kada ka ce tsufa ne ya kama ubanka. Ranar da na raka ka tasha, kun zauna baya kai da wani tsoho da matarsa, su suna damanka, tsakaninka da taga ta hagu akwai wurin mutum guda. Wata mata ta zo da kwando za ta shiga, ɗan kamasho ya leƙa, ya ce mata mota ta cika. Direba ma ya waiwaya ya duba, ya tada mota. Ka san direbobin Goronyo, ko kaza ba su bari a tasha in akwai inda za a cusa ta. Daga tasha gona na wuce, na sa hannu ƙarƙashin jirgin. Karo na farko tun da na kife shi a nan, na iske bayansa a bushe.

Allah Ya tsare mani kai, Ya tsare kwananka da tashinka, Ya raba ka da ruwan da ya fi ƙarfinka da bakin da ya fi ƙarfin mai shi. Ka riƙe salla, ka riƙe addu'ar fita da ta shiga. Allah Ya jiƙan Nomau, Ya sa mu ga juna lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Garba Dillali.

Af, na manta. Innarka ta ce ka gaya mata a waya wai gorar ruwan wani ta tsiyaye maka a mota, ka isa Sakkwato gefen rigarka na hagu a jiƙe. To wa ka gani da gora a hagunka?